Haƙoran Ƙasa na Malam Sada

Duk shekara idan an turo mani ɗalibai daga makarantar koyon aikin lafiya, ranar farko nikan lura da inda idonsu yake. Ba ya kan buroshin da na ajiye bisa tebur, yana kan awartakin cire haƙori. Ku ma na gan ku ɗazu. Da na ce satin nan duka koya wa mutane goge baki za ku yi, wancan mai dogon wuyan har ya zunguri ɗan'uwanshi, wai shekara uku a makaranta don a zo a koya wa manya abin da yaron firamare ya iya. Ban ji haushi ba, ni ma na faɗi abin da ya fi haka muni a zamanina. Ku jawo benci ku zauna, yau kasuwa ke ci, ba za mu ga mutane ba sai bayan azahar.

A Kankara na fara aiki, ƙarƙashin wani dattijo da ake kira Baba Danjuma, Bamaguje ne Kirista, gajere, ba ya son surutu. Ranar da na isa bai tambaye ni takardata ba, ya tambaye ni ko na goge baki da safe. Na ce ƙwarai kuwa, har sau biyu. Sai ya miƙo mani wata 'yar ƙwaya ja, ya ce in tauna, in zagaya yawun ko'ina cikin bakina, in tofar, sannan ya ba ni madubi. Ƙwayar nan ba magani ba ce, rini ne kawai. Ba ta kama haƙori mai tsabta, sai inda dauɗa ta kwanta. Da na buɗe baki na ga gindin haƙorana ja jawur, ciki da waje, kamar tsohuwar da ta ci goro da fure. Ni da na zo da farar riga ina taƙama. Baba Danjuma bai yi dariya ba, ya ce in je in sake gogewa in dawo, kuma sai da na je sau uku kafin ya bar ni na taɓa kayan aiki.

A wurinshi na gane abin da muke yaƙi da shi. Dauɗar haƙori ba ragowar tuwo ba ce kamar yadda mutane ke zato. Wani farin danƙo ne mai laushi da ke kwanciya a gindin haƙori kullum, ko mutum ya ci ko bai ci ba. Tana sabuwa, buroshi ko asuwaki na ɗauke ta cikin sauƙi. Idan aka bar ta kwanaki sai ta daskare ta zama kanta mai tauri kamar dutse, kuma daga nan babu buroshin da zai cire ta, sai ƙarfenmu. Dasashi ya kumbura, ya fara jini, ƙashin da ke riƙe da haƙori ya dinga janyewa a hankali, har wata rana lafiyayyen haƙori wanda ko rami ba shi da shi ya fara girgiza. Kuma duk wannan ba ciwo, shi ya sa ba wanda ke zuwa da wuri.

Kayan aikinmu a lokacin ba su cika tire ɗaya ba. Ɗan madubi mai mariƙi, ƙarfen kankare kanta guda uku masu lanƙwasa daban-daban, awartaki, auduga, da tukunyar da muke tafasa su bisa risho. Amma Baba Danjuma yana da wata ƙa'ida da ya ɗauka ta fi kayan duka. Ba wanda zai tashi daga kujerarshi sai ya goge baki a gabanshi, da hannunshi, kuma da abin da yake da shi a gida. Mai asuwaki ya fito da asuwakinshi, mai buroshi ya zo da buroshinshi. Yakan kama hannun mutum ya karkatar da shi, ya nuna mashi inda haƙori ya haɗu da dasashi, ya ce nan ne aikin yake. Abin na cin lokaci, mutane na ƙorafi a layi, ni ma ina ƙorafi a zuciyata. Na ɗauka tsufa ne ya sa ba ya gaggawa.

Da aka mayar da ni Sabuwa na ga ainihin masu zuwa wurinmu. Manomi ba ya barin gona don dasashi na jini. Sai fuska ta kumbura, ido ya rufe, an gwada kanumfari da gishiri, an je wurin wanzami, sannan a ɗauko shi a babur bisa hanyar nan mai ramuka. Maganarsu ɗaya ce, a cire shi kawai a huta. Na cire haƙora a garin nan har wuyan hannuna ya san aikin ba tare da ni ba. Waɗanda ke da buroshi kuma mai tauri suke saye, don mai kanti ya ce masu shi ne mai ƙarko, su dinga dirzar haƙoran gaba kamar ana wanke gindin tukunya, har wuyan haƙori ya zaizaye, alhali can ciki ba a taɓa ba. A hankali na fara sassauta ƙa'idar Baba Danjuma. Idan layi ya yi tsawo sai in yi bayani da baki in ce na gaba ya shigo.

A Faskari Malam Sada ya same ni. Limamin wani ƙauye ne da ke gaba da Tafoki, dattijo siriri, ya haura sittin, ya fi shekara talatin yana jan salla a masallacinsu. Ya shigo ba kumburi, ba ya dafe da kunci, har na ɗauka rakiya ya yo. Ya jira ɗakin ya zama babu kowa, sannan ya ce ba ciwo ya kawo shi ba.

"Karatuna ne ya fara canzawa," in ji shi. "Idan na zo kan harafin sin, sai in ji iska na fita ta wata hanya, kamar ƙaramin fito. Jama'a ba su ji ba tukuna, amma ni na ji."

Ya bayyana mani cewa akwai haruffan da ba su fita daidai sai bakin harshe ya samu haƙoran gaba a inda ya saba samunsu. Ya ce ranar da harufan nan suka lalace a bakinshi zai sauka daga limanci, don ba zai tsaya gaban mutane yana karya masu karatu ba. Bai faɗe shi da kuka ba, ya faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin taki.

Na duba. Haƙoranshi na gaba, ta waje, fari tas, sun fi nawa. Na juya madubi ta bayan haƙoran ƙasa guda huɗu, sai na tarar da kanta ta haɗe su kamar an yi masu yaɓe, dasashi ya janye, biyu na tsakiya suna motsi kuma sun fara buɗewa. To fa. Ta yaya za ka gaya wa mutumin da ke yin asuwaki kafin kowace salla tun yana yaro cewa akwai dauɗa a bakinshi? Asuwakin ma yana nan a aljihun gaban rigarshi, sabon yanka. Na tura ƙofa, na ba shi jar ƙwayar, na riƙe mashi madubi biyu yadda zai ga ciki. Ya daɗe yana kallo.

"Ashe shekara hamsin abin da mutane ke gani kawai nike wankewa," ya ce.

Na gaya mashi laifin ba na asuwaki ba ne. Asuwaki na aiki sosai a inda ya kai, sai dai shi miƙaƙƙe ne, bakinshi na gaba, kuma bayan haƙoran ƙasa lungu ne da sai an koya wa hannu shiga. Na kankare kantar a zama biyu. Na riga na gargaɗe shi cewa haƙoran za su ƙara motsi da farko, don kantar da ke cinsu ita ce kuma ta tokare su. Wannan shi ne dalilin da ya sa mutane ke cewa wankin haƙori na sa giɓi. Giɓin yana nan tuntuni, kanta ce ta rufe shi. Na ce mashi ƙashin da ya tafi ba ya dawowa, amma idan dauɗa ta daina kwana a wurin, wanda ya rage zai iya riƙe su shekaru.

A zama na uku ya kamata in kama hannunshi in koya mashi. Sai ya zo da wani kwali. Ɗiyarshi da ke aure a Kaduna ta ji labari ta aiko mashi da buroshi mai caji, irin mai ɗan zagayayyen kai da ke juyawa da kanshi. Wallahi ranar na fara riƙe irinshi a hannuna, da can sai dai a hoto. Na yi murna kamar ni aka aiko wa. Kwalin na da kawuna biyu, Malam ya ce in ɗauki ɗaya in gwada in gaya mashi gaskiya, don shi ba ya son abin da ke kuka a cikin baki.

Na gwada a kaina kwana uku. Ɓangare ɗaya in goge da na'urar, ɗayan da buroshin hannu, lokaci ɗaya, sannan in tauna ƙwaya. Ba zan ɓoye maku ba, ɓangaren na'urar ya fi fitowa da tsabta, musamman a gindin dasashi da lungun nan na ciki. Idan na natsu na bi yadda Baba Danjuma ya koya mani, haƙori ɗaya bayan ɗaya, bambancin ba shi da yawa. Idan na yi gaggawa kamar yadda kowa ke yi da safe, na'urar ta yi wa hannuna nisa. Idan kuma na ɗora ta a haƙoran gaba kawai na bar ciki, ja na nan inda yake, don ba ta zuwa inda ba a kai ta ba. Ga Malam Sada kuwa ta zo daidai, saboda yatsunshi na dama sun fara sanƙarewa da sanyin ƙashi, ƙaramin juyin nan da buroshin hannu ke buƙata yana yi mashi wuya.

Da ya dawo na nuna mashi yadda zai ɗora kan a bayan kowane haƙori ya ƙirga a zuci, ya matsa gaba, kada ya danna. Cikin minti goma ya iya. Akwai mutane a layi, na sallame shi. Ban sa ya fito da asuwakin aljihunshi ba, ban ba shi buroshin hannu ya gwada a gabana ba. Na ce a raina wannan ya wuce wannan matakin.

Kuma abin ya yi kyau, shi ya ƙara rufe mani ido. A ƙauyensu babu wutar lantarki, amma akwai mai cajin waya da hasken rana, Malam yakan kai mashi buroshin duk Alhamis tare da ɗan gindin da ake ɗora shi a kai. Mutanen gari har suna tsokanar shi wai liman ya sayi jirgi ya sa a baki. Bayan wata uku ya dawo, jini ya tsaya, dasashi ya kama jiki, motsin ya ragu. Ya tauna ƙwaya, da ƙyar na samu ɗigon ja. Ya ce fiton ma ya lafa, harshe ya saba da sabon wurin. Na dinga ba abokan aiki labarinshi, ina cewa da kowa zai samu irin wannan da mun rage cire haƙori.

Sai shekarar nan ta zo, wadda ba sai na gaya maku ba, wasunku ma a cikinta kuka bar garuruwanku. 'Yan bindiga suka tashi ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, aka rufe kasuwanni, layin waya ya ɗauke wata da watanni. Mu a asibiti aikin haƙori ya koma gefe, ni da ban taɓa ɗinke komai ba sai dasashi na koma taya ɗaurin rauni. Ban ga Malam Sada ba wata bakwai. In faɗi gaskiya, ban ma tuna da shi ba.

Wata Talata aka tura mu duba mutanen da suka gudo suka zauna a wata makarantar firamare a cikin gari. Ina tsugune ina duba wata mata sai na ji an kira ni da likita, na waiga, Malam Sada ne a bakin aji bisa buhu. Ya rame. Muka gaisa, na yi mashi jaje, ya ba ni labarin yadda suka fito da rana tsaka, kowa da abin da hannunshi ya kai. Shi ya ɗauki littattafanshi da buroshin, don yana cikin aljihu, amma gindin cajin ya bar shi wurin mai caji, kuma cajar waya ba ta yi mashi. Kwana tara buroshin ya yi aiki ya mutu. Ɗiyarshi ba ta samuwa a waya. Ya koma ga asuwaki, kuma ya yi shi yadda ya iya shi tun yana yaro. Ya ce ya gwada kai shi ciki, dasashi ya yi jini, ya ji tsoro ya bari, don ba wanda ya gaya mashi cewa jinin nan alama ce ta a ci gaba a hankali, ba ta a daina ba.

Na ce ya buɗe baki. Ɗaya daga cikin na tsakiya babu shi, ya ce a cikin dafaffen rogo ya fita, ko zafi bai ji ba. Ukun da suka rage suna motsi, kanta ta dawo. Ba 'yan bindiga suka cire haƙorin nan ba, kuma ba buroshin ya yaudare shi ba, buroshin ya yi aikinshi har ranar da wutarshi ta ƙare. Minti ashirin na koyarwa da na hana shi ne. Na gaya mashi haka a wurin, ban kewaya ba. Ya ce in bar wannan maganar, kowa da abin da aka rubuta mashi. Na ce an rubuta, amma ni aka ba aikin koyarwa kuma ban yi ba.

Washegari na dawo da ƙarafana na kankare a nan bakin ajin. Na kawo ƙaramin buroshi mai laushi irin na yara, don shi ke shiga lungun. Yatsunshi suka kasa riƙe siririn mariƙin. Wata tsohuwa na ɓarzar masara kusa da mu, na roƙi totuwa ɗaya, na huda tsakiyarta na cusa mariƙin a ciki, ya cika mashi tafin hannu. Na kama hannunshi kamar yadda Baba Danjuma ke yi, na tsayar da buroshin a tsaye bayan haƙoran, daga dasashi zuwa sama. Sannan na ce ya fito da asuwakin, na fere shi gajere, na tausasa bakin, na nuna mashi yadda zai karkatar da shi ya shiga ciki. Ya yi, ya tauna ƙwaya, ja. Ya sake, ja. Sai a karo na huɗu wurin ya fito fari. La'asar ta same mu a kai.

Haƙora ukun sun tsaya, har yau suna nan. Na haɗa su da siririyar waya don su tallafi juna. Na yi mashi maganar haƙorin roba a giɓin, aka yi, ya sa kwana biyu ya ce harshenshi na tuntuɓe da shi, karatun ya fi lalacewa, ya cire. Shi ke jan salla ga mutanen ƙauyensu a filin makarantar, sai wata rana ya aiko a ce in zo in yi magariba a bayanshi, in tsaya sahun farko. Na je. Muryarshi na nan yadda take, mai sanyi, ba gaggawa. Amma ni da na san inda giɓin yake, duk inda ya zo kan harafin nan ina jin ɗan siririn fito. Na saci kallon na kusa da ni, ba wanda ya nuna ya ji komai.

Bayan an watse ya ja ni gefe ya tambaye ni ko akwai fiton. Da na so in ce babu, kuma da ya so ya yarda da ni.

"Akwai, Malam. Kaɗan ne, ba wanda ya ji sai ni."

"Da ni," ya ce. "Mun zama biyu, shaidu sun cika."

Juma'ar da ta biyo baya ya tara dattawan garin ya miƙa limanci ga wani ɗalibinshi. Sun roƙe shi, sun ce su ba su ji komai ba, ya ce ba don kunnensu yake karatun ba. Da abubuwa suka ɗan lafa ɗiyarshi ta aiko da sabon buroshi mai caji, kuma na ce ya yi amfani da shi, don har gobe ya fi dacewa da yatsunshi. Amma na totuwar na rataye a ɗakinshi, kuma duk wata uku idan ya zo sai ya goge da su duka uku a gabana, na'ura, buroshi da asuwaki, kafin in bar shi ya tashi.

Don haka idan mutum ya tambaye ku wanne ya fi cire dauɗa, ku gaya mashi gaskiya, mai cajin ya ɗan fi a hannun yawancin mutane, kuma ga mai raunin hannu ya fi sosai. Sannan ku tambaye shi me zai riƙe ranar da babu caji, ku sa ya yi a gabanku, ko layi ya kai bakin titi.

Bara na je ƙauyen nasu bayan sun koma, magariba ta same ni can. Sabon limamin ya wuce gaba. Malam Sada ya shigo a hankali, ya ajiye sandarshi jikin bango, ya zo ya tsaya kusa da ni a sahu, kafaɗarshi na taɓa tawa. Ina jin leɓɓanshi na motsi yana bin karatun a ɓoye, harafi bayan harafi, a masallacin da ya ja salla shekara talatin.

Ga ƙwayoyin nan a cikin kwalba, kowa ya ɗauki ɗaya. Kai mai dogon wuya, kai za ka fara, madubi na bayanka.